Kwana Uku a Gonar Surukin Oga Ishaya

Tun da na dawo daga Zuru ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta wurin mai shayi, duk wanda na miƙa wa hannu sai ya riƙe shi ya juya, ya ce, "Sabi'u, wannan kantar fa? Biro ne ya yi maka haka?" Wasu kuma abin da ya dame su shi ne me ya sa suka daina hango ni a talabijin tsaye a bayan Sanata ina riƙe da fayil. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, kuma na gaji da maimaita ta. Shi ya sa na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina da zafinsa.

Sai na fara da Oga Ishaya, don shi na je ɗaukowa. Shi ne editan siyasa a jaridar da na fara aiki a Kaduna, shekara tara na yi a ƙarƙashinsa. Abin da ya fito da sunansa ya faru tun ina makaranta. Wani kwamishinan ruwa ya tara 'yan jarida ya ce ya haƙa rijiyoyin burtsatse goma sha biyu a ƙauyuka, kowa ya rubuta ya karɓi ambulan ya tafi gida. Oga Ishaya ya hau babur ɗin haya da kofin silba a aljihu, ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana tara kofin a bakin famfo yana ɗaukar hoto. Jarida ta fito da hotuna goma sha biyu a shafin farko, kofi a bushe a kowane. Aka tsare shi mako biyu, daga baya aka ba shi lambar yabo ta ƙasa. Shi kuwa kwamishinan aka hukunta shi ta hanyar mayar da shi ma'aikatar ayyuka, inda kwangila ta fi maiƙo.

Dokar Oga Ishaya a ofis ɗaya ce: kada ka rubuta akwai ruwa sai ka sha. Na haddace ta, na koya wa na ƙasa da ni, sannan na ajiye aikin jarida na zama mai taimaka wa wannan tsohon kwamishinan kan yaɗa labarai, don a lokacin ya zama Sanata. Tun ranar ban ƙara kiran Oga Ishaya a waya ba. Kunya nake ji, ba wani abu ba.

To, zaɓe ya matso, 'yan adawa suka tono hotunan kofin nan suna yawo da su a waya. Sanata ya kira ni ya ce gidauniyarsa za ta karrama gwarazan 'yan jarida a Abuja ranar Asabar, kuma Oga Ishaya ne zai karɓi babbar lambar. Hoto ɗaya yake so, yana rungume da tsohon, magana ta mutu. Ya ce, "Kai ne yaronsa, kai za ka kawo shi. In kuma ba ka kawo shi ba, ka wuce gida Zariya kai tsaye, ba sai ka biyo ta nan ba." Ya faɗa yana dariya. Shekarun da na yi da shi sun koya mini wannan dariyar, bayanta takardar sallama take zuwa. Ga 'ya'ya huɗu a makaranta, ga gidan haya a Abuja.

An yi mini alkawarin mota da direba. Ranar Litinin da safe aka ce motar ta kai Hajiya matar Sanata gidan biki, sai na tafi tasha da tsarabar Sanata: katin gayyata mai ruwan zinari, shadda ɗinki ɗaya, da buhun shinkafa mai hoton fuskarsa yana murmushi. Daga Abuja zuwa Kontagora ba abin labari sai ciwon baya. A Kontagora na shiga bas ɗin Zuru, kwandasta ya shimfiɗa buhun nan a tsakiya ya ɗora wa wata mata mai kaji ta zauna a kai. Da ta leƙa ta ga fuskar da take zaune a kai, sai hira ta ɓarke. Ba na jiharsu ba ne, amma sun san shi a rediyo, kuma daga nan har Rijau ba wanda bai ba da gudummawar zagi ba. Wani dattijo ya taɓo ni ya ce, "Malam, kai ba ka ce komai ba." Na ce, "Ai ɓarayi ne dukkansu." Wallahi ban taɓa faɗin magana da sauƙi a bakina kamar wannan ba, har na tsorata.

Bayan Rijau muka tsallaka iyaka. Ba wani biki a wurin, ramukan jihar Neja ne suka miƙa mu ga ramukan jihar Kebbi. Akwai shinge, da wani mai bindiga da ya sa aka sauke kaya. Ya buɗe katin gayyata ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanga katin aure ne?" Na ce na karramawa ne. Ya ce, "Wa za a karrama?" Na ce wani shahararren mutumin Zuru. Nan take ya gyara tsayuwa ya ce, "Wace bataliya?" Da na ce ɗan jarida ne, sai ya mayar mini da katin kamar na ɓata masa lokaci.

Wannan tambayar ta bi ni har cikin gari. A Zuru in ka ce mutum ya shahara, to soja ne, ko ubansa soja ne, ko ɗansa. Ɗan acaɓar farko ya kai ni gidan wani Manjo mai ritaya a unguwar Rikoto, na biyu ya kai ni gidan wani Kyaftin. Na ce musu mutumin nan gwamnoni sun yi ta tsoronsa, suka ce to lallai Kanar ne. Lambar wayarsa da nake da ita ta daɗe da mutuwa. Da la'asar ta yi sanyi na haƙura na nemi masauki.

Masaukin na wata 'yar ƙabilar Ibo ne, Madam Ngozi, wadda ta shekara talatin a garin. Ɗakunanta ba lamba, suna gare su. Ta ce Landan akwai mutum, Abuja rufin yana yoyo, sai ta ba ni Dubai. Na murɗa famfon Dubai, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ta miƙo mini bokiti ta ce, "Oga, famfo na ado ne, rijiya yana baya." Ina sa hannu a littafin baƙi katin ya faɗo, ta ɗauka ta ga hoton Oga Ishaya da ke jiki, sai ta kwashe da dariya har da dafa bango.

"Wannan kake nema? Ai Saura-Biyu ne! Kowa ya san Saura-Biyu!"

Ita ta warware mini. A al'adar mutanen wurin akwai abin da ake kira golmo: saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya noma damina bakwai. Mu a Zariya safiya ɗaya ake gamawa, a miƙa sadaki, a raba goro da alewa, kafin azahar ka zama mai iyali. Na tuna yadda na yi ta ƙorafi a kan akwatunan lefe uku, na ji kunyar kaina. Oga Ishaya ya yi damina biyar, sai aikin jarida ya fito masa a Kaduna. Surukinsa mai sanyin hali ne, ya yarda aka ɗaura aure a coci a kan zai dawo ya cika biyun da suka rage. Bai dawo ba. Yana can yana bin gwamnoni da tambaya a kan alkawuran da suka saɓa, a gida kuwa sunansa Saura-Biyu shekara arba'in.

Washegari na hau babur na ce a kai ni wurin Saura-Biyu. Ko tambaya ɗan acaɓar bai yi ba. Muka fita gari muka hau tudu, ya ajiye ni a bakin wata gonar dawa. Can na hango mutumin da ya taɓa sa wani minista kashe waya kwana uku, a duƙe, da gajeren wando da hular kaba, yana fama da fartanya. A gindin ɗorawa wani tsoho ya zauna a kujerar roba da sanda a hannu yana duba aikin. Shi ne Saja Bawa, yayan matarsa, wanda ya gaji gonar.

Oga Ishaya ya ɗago ya dube ni daga takalmi har hula. Ya ce, "Sabi'u. Ka yi tumbi."

Na durƙusa na gaishe shi, na soma jawabin da na tsara tun daga Kontagora, mai "la'akari da irin gudummawar". Ya ɗaga hannu ya ce, "Kanun labari." Haka yake mana a ofis. Na ce, "Sanata zai ba ka lambar yabo ranar Asabar. In ban kawo ka ba, ya kore ni."

"Yauwa, ka ga har yanzu ka iya aiki." Ya karɓi katin ya yi fifita da shi. Ya ce wannan ce daminarsa ta ƙarshe, bara ya yi ɗaya, kuma wannan shi ne noman ƙarshe. In ya ajiye fartanya ya bi wani zuwa Kaduna ko Abuja a karo na biyu, gara kada ya dawo garin. Daga gindin ɗorawa Saja ya ɗaga murya ya ce, "Ba inda za shi! Ya gudu ma babanmu, ni ba ya gudu mani."

Oga Ishaya ya yi murmushin da na sani, wanda yake yi in ya gano inda labari yake. Ya ce golmo ba aikin mutum ɗaya ba ne, abokan ango suna taya shi. Nasa abokan rabi sun mutu, rabi gwiwa ta hana su. In aka gama gonar nan kafin Juma'a, zai bi ni, ya yi alkawari. Na dubi gonar, na dubi takalmina. Saja ya kama hannuna ya murza tafin ya ce, "Wanga hannu ko tuwo mai zafi bai iya ɗauka."

Kwana uku na yi a gonar nan, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na yi jarumta ba. Ranar farko na sare dawa bakwai a zaton ciyawa ce, Saja ya sa na tsaya na ba kowace haƙuri. Kafin azahar hannuna ya yi bororo, kafin la'asar ya fashe. Ni da nake rubuta cewa Sanata ya kawo juyin juya hali a harkar noma, ashe ban san ta inda ake riƙe ƙota ba. Wayata tana ta ruri a aljihun riga a rataye a reshe, daga ofis ake tambaya ko an taso. Na aika musu cewa tattaunawa ta yi nisa kuma ana samun ci gaba mai ma'ana.

Mama Rifkatu, matar Oga Ishaya, ita ta raba ni da Dubai ta ba ni ɗaki a gidansu. Ta fito mini da buta da tabarma ta nuna mini gabas tun kafin in tambaya. Tuwon dawa take kawo mana gona da miyar yakuwa, mai tsamin da ke buɗe ido. Saja da maƙwabta suna shan burkutu, ni ta ware mini kunu a kwano mai murfi. A gidan na ga inda lambobin yabon suka ƙare. Ta gilashin tana tare ƙofar kicin kada iska ta rufe ta, ta katakon an rufe tulu da ita. Shinkafar Sanata kuwa ta juye ta a garwa, ta ce buhun zai yi kyau a shimfiɗa wa kaji.

Na tambaye ta ko ita ta matsa masa ya dawo. Ta ce, "Ɗana, ni ban ce ya yi ba, ban kuma ce ya bari ba. Amma shekara arba'in in mun taru da sa'o'ina, ko a coci ne, sai wata ta ce, mu dai an gama mana namu. Ina dariya tare da su, in dawo gida in kasa cin abinci. Shi yana can ana tafa mashi." Ta faɗa tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba.

Ranar Alhamis wasu maƙwabta uku suka shigo da fartanyoyinsu, ina jin tausayina ne ya kawo su. Da rana ta karkata muka fitar da kunyar ƙarshe. Saja ya tashi ya zagaye gonar da sandarsa a hankali, kamar mai duba fareti, yana neman ciyawa ɗaya da zai kafa hujja da ita. Bai samu ba. Ya dawo ya tsaya gaban Oga Ishaya ya ce, "Ishaya, ka cika. Matarka taka ce." Mata suka rangaɗa guɗa. Mama Rifkatu, mai jika tara, ta rufe fuska da gefen zane kamar amaryar jiya, kafaɗunta suna rawa. Na juya baya na yi kamar ina duba wayata, don hawaye ya zo mini.

Juma'a da sassafe muka sauka tashar Zuru. Ya ƙi sa shaddar Sanata, ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ta ofis. Muna zaune a benci ana jiran bas ya cika, sai ya buɗe jaka yana neman tabarau, na hango shi a ciki: kofin silba, duk ya lotse, bakinsa ya yi baƙi.

Na ce, "Oga, wannan fa?"

Ya ce, "Ai tare muka yi aikin. In za a karrama ni, sai a karrama mu tare." Ya gaya mini cewa watanni uku da suka wuce ya sa wani tsohon abokin aiki ya zagaya rijiyoyin nan. Guda biyu an sace famfon, ɗaya akuya ke kwana a kai, sauran suna nan yadda ya bar su.

Na roƙe shi. Na ce ya karɓi lambar ya yi shiru, minti biyar ne. Na kawo maganar yara da makaranta da haya. Ya saurare ni har na gama, abin da bai taɓa yi ba a ofis. Sannan ya ce, "Na yi alkawarin zan bi ka, ban yi alkawarin zan zama wani mutum ba. Amma ba dole. Ka koma ka ce ba ka same ni ba, ka ce na tsufa ba na gane mutane. Kai ka iya tsara irin wannan, wataƙila ya bar ka." Ya goge tabarau da gefen kwat. "Shekara nawa ke nan kana noma gonar Sanata?"

Na ƙirga na ce, "Bakwai."

"Bakwai cif. To, mu nan in mutum ya cika bakwai, mata ake ba shi. Kai me za a ba ka?"

Kwandasta yana ta ihun saura mutum biyu. Na zauna ina kallon tafin hannuna da Mama Rifkatu ta shafa wa man kaɗanya ta ɗaure da tsumma. Na yi ƙoƙarin tuno abu ɗaya da na rubuta a shekarun nan bakwai wanda zan iya nuna wa babban ɗana in ce ni na rubuta, ban samu ba. Na tashi na biya kujera biyu.

Abin da ya faru a Abuja da yawanku kun gani a waya kafin a goge. Sanata ya buɗe hannuwa zai rungume shi, Oga Ishaya ya sa masa kofin a hannu. Ya ce a makirfo, cikin ladabi, ya gode, kuma zai karɓi lambar ranar da Mai Girma ya cika masa kofin nan a ɗaya daga cikin rijiyoyi goma sha biyu, kowace ya zaɓa. Masu ɗaukar hoton da ni na gayyato, ni na ba kuɗin mota, suka yi ta ƙyasta kyamara. Sanata ya tsaya da kofi a hannu yana murmushin nan na jikin buhu, idonsa yana yawo a cikin zauren har ya sauka a kaina.

Oga Ishaya ya koma Zuru ranar Lahadi. Na ji har yanzu Saura-Biyu ake kiransa, sai dai yanzu yana amsawa. Kofin an bar shi a kan babban tebur, na ɗauke shi lokacin da masu gadi ke raka ni waje, yana nan a ɗakina a Zariya.

Ambulan daga ofishin Sanata ta iso ranar Litinin, takarda ɗaya ce a ciki. Ta gode mini bisa sadaukarwa, ta yi mini fatan alheri a duk inda na sami kaina. Ban karanta har ƙarshe ba, don na san sauran. Ni na tsara wasiƙar da hannuna shekara uku da suka wuce, lokacin da za a kori direba. Suna kawai suka canza.